Ko Loma Ɗaya Ba Zan Ci Ba

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Hajiya Hajo a cikin birnin Daura ya san tun daga zaure ƙamshin alkaki ke tarbar mutum. In ya shiga tsakar gida kuma dole ya sunkuya, don taliya 'yar murji ce shanye a kan igiyoyi daga wannan katanga zuwa waccan. Shekara talatin ke nan Hajiya tana wannan sana'a, har ta kai uwar amarya ba ta jin ta haɗa gara in babu alkaki da dubulan ɗin Hajo a ciki.

Ran wata Asabar da hantsi Hajiya ta ɗauko kwano da kanta, ba ta aiki kowa ba, ta ratsa tsakar gida zuwa sashen ɗanta Sharfaddeen. Matarsa Juwairiyya tana zaune a kan tabarma tana tsintar shinkafa. Tana ganin surukarta ta yunƙura za ta miƙe.

"Sannu da zuwa Hajiya, ai da kin kira ni na zo."

"Yi zamanki, ke da ba ke kaɗai ba." Hajiya ta zauna tana fara'a, ta buɗe kwanon. Funkaso ne mai zafi, ga miyar taushe ta ji kabewa da nama. "Jiya yaron nan ya yi mini albishir." Da yake ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. "Wata biyu ko? To wannan karon ni da kaina zan zauna in ga kin cinye. Bisimilla."

Juwairiyya ta kalli funkason, yawunta ya tsinke, don ita ma ta san daɗinsa. Ta miƙa hannu a hankali ta mayar da murfin.

"Hajiya ki gafarce ni. Ba zan ci ba."

"Tashin zuciya ne? Bari in sa a kawo miki lemon tsami."

"Ba shi ba ne. Wata goma ke nan rabona da duk abin da aka yi da alkama ko fulawa."

"Wata goma? To kwanonin da nake aikowa kullum suna dawowa a wanke tas, wa ke cinyewa?"

Daidai nan Sharfaddeen ya ɗaga labule ya fito daga ɗaki yana miƙa. Malamin sakandare ne, siriri ne tun yana yaro, amma a shekarar nan ya ajiye tumbin da abokansa ke ta yi masa tsiya a kai. Hajiya ta dubi tumbin, ta dubi kwanon, ta sake duban tumbin.

"La ilaha illallahu! Ashe kai nake ta kiwatawa!"

Da a wani gidan ne da an yi dariya an wuce. A nan babu wanda ya dara.

Bari in koma da ku baya kaɗan. Juwairiyya 'yar Malam Mainasara ce, manomi a Babban Mutum. A can Sharfaddeen ya gan ta sa'ad da aka tura shi koyarwa, ya bi ta har gida, ya yi ta zarya shekara biyu kafin a ba shi. Yarinya ce da ta tashi da furar gero da tuwon dawa, jikinta luwai-luwai. Sai aure ya kawo ta gidan da ake karyawa da fanke, a ci taliya da rana, a kwana da alkubus. Ba ta rufa wata shida ba ta fara rama. Ciki ya yi ta kumburi, gudawa ba ta ɗaukewa, ga jiri, in aka duba idonta fari fat. Ta yi ciki ya zube a wata uku. Na biyu ma haka. Na uku ya kusa tafiya da ita, sai da aka ƙara mata jini.

Kada ku ɗauka Hajiya muguwar suruka ce. Wallahi son Juwairiyya take yi, kuma ita hanyar sonta ɗaya ce, kwano. Duk ɓarin da aka yi sai ta ninka hidima, ta dama mata kunun alkama da madara, ta tsaya a kanta sai ta shanye.

Bayan ɓari na uku ne aka tura su wani babban asibiti a Kano. Wata likita, Dakta Amatullah, ta sa aka yi mata gwajin jini, aka zura mata na'ura ta baki aka duba hanjinta. Da sakamako ya fito ta zaunar da su.

"Sunan cutar silyak. Akwai wani sinadari a cikin alkama da ake kira gulutin, ke jikinki kallon abokin gaba yake masa. Duk sa'ad da ya shiga sai jiki ya tashi faɗa, faɗan ya ƙare a kan hanjinki, ya daina tsotse amfanin abinci. Shi ya sa kike ci kamar ba kya ci. Matar da ke da wannan cuta ba a gano ba ta fi sauran mata haɗarin ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko jariri marar nauyi. Ban ce lallai shi kaɗai ne sanadin naki ba, Allah ne masani. Amma shi muka gano, kuma maganinsa yana hannunki: ki bar alkama har iyakar rayuwarki. Gero, dawa, masara, shinkafa, wake, duk naki ne. Alkama kuwa ko ɗan mitsitsi."

A hanyar dawowa Juwairiyya ta ce a sanar da Hajiya. Sharfaddeen ya ce a bari tukuna, zai nemi lokacin da ya dace. Lokacin da ya dace ɗin nan bai taɓa zuwa ba. Maimakon ya buɗe baki ya yi magana, sai ya riƙa buɗe shi yana cinye rabon mutum biyu. Ita kuma ta koma dakan geronta a turminta, ta ware tukwanenta, jikinta ya dawo, har Allah ya kawo wannan ciki na huɗu.

To yanzu dai asiri ya tonu. Sharfaddeen ya durƙusa yana ta in-ina, yana kawo bayanin likita a karkace. Hajiya ba ta ji komai ba sai abu ɗaya. A wurinmu, matar ɗa ta ƙi cin abincin uwar miji ba ƙaramar magana ba ce, daidai take da ta ce ana zuba mata wani abu.

"Wato ni ce na zubar da jikokina uku? Da hannun nan nawa?"

"Hajiya ba haka nake nufi ba, ciwon a jikina—"

"Alkamar da Daura kaf ke ci? Ita na ci na haifi bakwai! In maganar nan ta fita waje, aka ce abincin Hajo na zubar da ciki, wace uwa ce za ta ƙara sa alkakina a garar 'yarta? Ki buɗe kwanon nan ki ci a gabana, in dai ba zargina kike yi ba!"

Sharfaddeen ya matso kusa da matarsa, ya yi ƙasa da murya. "Juwai, don Allah. Loma ɗaya kawai, ki kashe wutar nan. Loma ɗaya me za ta yi?"

Juwairiyya ta ɗago ta dube shi, idonta ya cika da hawaye amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Yaya, kai ka riƙe ni a cikin keke napep ina zubar da jini. Sau uku. Kai ka ji abin da dakta ta faɗa, rizal ɗin gwajin yana cikin akwatinka. In na ci yau, gobe ma za a kawo, jibi ma za a kawo. Ko loma ɗaya ba zan ci ba." Ta juya wajen surukarta ta durƙusa har ƙasa. "Hajiya, ki sa ni kowane aiki zan yi, ki zage ni zan shanye. Wannan ɗaya ne ba zan iya ba."

Hajiya ta ɗauki kwanonta ta fita.

Daga ranar ta daina amsa gaisuwar Juwairiyya. Ita kuma ba ta fasa ba, kullum da safe sai ta je ƙofar ɗakin ta durƙusa ta gaishe ta, ta jira kaɗan, ta tashi. Amma duk fushin Hajiya bai hana ta tunanin jikanta ba. Kwana uku da rigimar ta ji ƙarar daka daga sashen ɗanta, ta fito a fusace.

"Kai, gaya wa matarka ta ci geronta, ta ci ƙasa ma in ta ga dama. Amma mai ƙaramin ciki ba za ta ɗaga taɓarya a gidana ba! Ka riƙa haɗa geron da alkamata ka kai inji."

Wannan kam magana ce ta hankali, kowa ya yarda. Sharfaddeen ya ji daɗi ma, yana ganin alamar sulhu ce. Duk bayan kwana biyu sai ya ɗaura buhun alkamar Hajiya da ƙullin geron Juwairiyya a bayan mashin, ya sauke a wurin Saminu mai inji a kan hanyarsa ta makaranta, in ya taso ya ɗauko.

Ba a yi sati uku ba ciwo ya dawo. Kumburin ciki, gudawa, jirin nan da ta sani sarai. A wurin awo aka ce jininta ya yi ƙasa. Sannan wata safiya ta ga ɗigon jini. Aka garzaya asibiti, aka yi sikanin, aka ce cikin yana nan, amma ta kwanta ta huta.

Hajiya ta shigo ɗakin a karo na farko tun rigimar, tsoro da fushi sun haɗu a fuskarta.

"To ga shi nan! Alkamar kika ci? Yunwa ce za ta kashe mini jika, kin zauna kina shan ruwan gero saboda wata likitar Kano. Yau ɗin nan zan dama kunun alkama, kuma sai kin sha!"

Da ta fita Sharfaddeen ya zauna a bakin gado ya dafe kai. "Juwai, ko dai daktar nan ta yi kuskure? Kin bar komai amma ga shi."

"Ba ta yi kuskure ba. Wata goma ina lafiya, ka manta? Alkama tana shiga cikina ta wata hanya, na san ciwona." Can ta ce, "Yaya, in ka kai niƙa, wanne ake fara zubawa?"

"Oho, ni dai ajiyewa nake yi in wuce."

"To gobe kada ka wuce."

Washegari ya tsaya. Yana kallo Saminu ya juye alkamar Hajiya a inji, ta niƙu ya kwashe, ko kakkaɓe bakin injin bai yi ba ya zuba geron a kai. Garin farko da ya zubo fari ne sol, kafin ya fara komawa kalar gero.

"Malam Saminu! Haka kake yi kullum?"

"Haka mana, Malam. Ai geron madam ɗin ma shi ke wanke mini injin, in alkama ta manne."

Nan take Sharfaddeen ya gane. Shi da kansa, a bayan mashin ɗinsa, ya yi kusan sati uku yana kai wa matarsa abin da take gudu. Ya dawo gida, kuma a karo na farko ya dubi gidan da ya tashi a ciki da idon Juwairiyya: mata uku na tankaɗen fulawa a tsakar gida, ƙurar gari na tashi tana sauka a kan randa, a kan kwanonin da aka kife, har a kan labulen ɗakinsu.

Ya shiga ya faɗa mata, yana kuka kamar ƙaramin yaro. "Ki yafe mini. Na tsaya ina tsoron ɓacin ran Hajiya, na bar ki ke kaɗai a filin."

"Na yafe. Amma ka kai ni gida."

Ya kira Dakta Amatullah a waya, ta ce in jinin ya tsaya kwana uku za ta iya tafiya a mota a hankali, kuma barin gidan da ake tankaɗen fulawa kullum shi ne daidai. Ran kwana na huɗu mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya ta fito ta tarar ana fitar da akwati.

"Ina zuwa?"

"Goyon ciki, Hajiya," in ji Sharfaddeen yana durƙushe.

"Goyon ciki a wata uku? A ina aka taɓa yi? Wata bakwai ake tafiya tun kaka da kakanni! In ka fitar da yarinyar nan yau, ka shelanta wa Daura cewa uwarka mayya ce. Ban yarda ba!"

Matan da ke tankaɗe suka saki rariya suka zuba ido. Sharfaddeen bai tashi daga durƙuson ba.

"Hajiya, tun da kika haife ni ban taɓa ce miki a'a ba. Laifina ne da na ɓoye miki tun farko, ba nata ba. Amma na gani da idona a wurin inji. Amanar ta da abin da ke cikinta a wuyana take, kuma yau zan kai ta."

"To ka zaɓa, ko ni ko ita!"

Juwairiyya ce ta amsa, tana dafe da bango don jiri. "Hajiya, ba zai zaɓa ba, ke uwa ce, babu mai canja ki. Ni dai zan tafi da cikin nan in lallaɓa shi, in Allah ya yarda in dawo miki da jika a hannu. Fushinki zan iya ɗauka, ko na shekara ne. Ɓari na huɗu ne ba zan iya ɗauka ba."

Ta shiga mota. Sai da suka fita gari suka kama hanyar Baure sannan ta fashe da kuka.

A Babban Mutum mahaifiyarta, Inna Adawiyya, ba ta tsaya neman fassarar gulutin ba. An ce 'yarta ba ta cin alkama, shi ke nan. Ita ke surfe, ita ke daka a turminta da bai taɓa ganin alkama ba. Fura da nono, tuwon dawa miyar kuka da daddawa, wake, zogale, ƙwai, ga ƙwayoyin ƙarin jini na asibiti. Ko biskit Malam Mainasara ya hana a shigo masa da shi gida. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci Sharfaddeen zai hau mashin ya zo, ya koma ran Lahadi, kuma kowane zuwa sai Juwairiyya ta ba shi saƙon gaisuwa ga Hajiya. Yana isarwa, Hajiya na yin kamar ba ta ji ba. A Daura kuwa an yi tsegumin, an yi har an gaji, masu sayen alkaki ba su ragu da ko mutum ɗaya ba.

Wata huɗu Hajiya ta daure. Wata Juma'a Sharfaddeen na tayar da mashin ta fito da mayafinta.

"Ajiye wannan abin ka nemo mota. Zan je in ga da me suke azabtar da ita."

Da la'asar suka isa. Hajiya ta yi sallama ta shiga tsakar gida, ta ga wata mata a gindin darbejiya tana ɓare gyaɗa, kumatu cike, fata na sheƙi, ciki ya fito tirim. Ta wuce ta tana neman Juwairiyya, sai da matar ta ce, "Hajiya! Sannu da zuwa!" sannan ta tsaya cak.

Aka shimfiɗa tabarma, aka gaisa da Inna Adawiyya, aka kawo fura. Hajiya ba ta taɓa furar ba, idonta na kan cikin. Cikin nan uku da suka wuce babu wanda ya yi girman da za ta gan shi da ido. Juwairiyya ta lura. Ta ajiye kunya gefe, ta matso, ta kama hannun surukarta ta ɗora a gefen cikinta.

Can sai abin ya harba, da ƙarfi, har sau biyu.

Hajiya ta saki salati. Hawaye suka ɓalle mata, ba ta ko share ba, kuma ba ta ɗauke hannun ba.

"'Yar nan, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Waɗancan ukun, ni ce?"

"A'a Hajiya. Da ke, da ni, da shi, babu wanda ya sani. Ƙauna kike zubo mini a kwanon nan, jikina ne ba ya ɗauka. Ko daktar ma ba ta ce lallai shi ne ba. Amma da na ci bayan na sani don kawai in faranta miki, wani abu ya faru, to wannan ni ce."

Hajiya ta daɗe tana kuka. Da ta natsu ta juya kan ɗanta, wanda ya raɓe a bakin ƙofa.

"Kai kuma sakarai, wata goma kana ɓoye mini kamar ni dodo ce! Da ka kai ni gaban likitar nan tun farko ta yi mini bayani da bakinta, da duk an yi wannan?"

"Ki yi haƙuri Hajiya."

"Rufe mini baki. Yarinya ta fi ka zuciya."

Wata tara cif Juwairiyya ta haihu a asibiti, mace, lafiyayya, nauyinta ya haura kilo uku. Hajiya na zaune a baranda da carbi tun safe, ta ƙi ci ta ƙi sha. Da kukan jaririyar ya ratso ƙofa, matar da Daura ta sani da kamun kai ta zube a kan siminti ta yi sujada a gaban kowa.

'Yan uwana mata, ana yawan ce mana mu yi haƙuri, kuma gaskiya ne. Amma haƙuri ba shi ne ki haɗiye abin da kika san zai cutar da ke don kada ran wani ya ɓaci ba. Juwairiyya ba ta taɓa ɗaga wa surukarta murya ba, ba ta fasa gaisuwa ba, kuma ba ta ci ba. Ku kuma maza, gaskiyar da kuka ɓoye don gudun rigima tana nan tana jiran ku, kuma kullum ƙara girma take yi. Duk macen da ke yawan ɓari tare da rama da ciwon ciki, a kai ta a bincika kafin a fara zargin juna.

Da aka miƙo wa Hajiya jaririyar a cikin zani, ta karɓa, ta daɗe tana kallon fuskarta. Sannan ta leƙa ɗakin, inda Juwairiyya ke kwance a gajiye.

"'Yar nan," ta ce, "Allah ya yi miki albarka da kika ƙi jin maganata."